Farautar Tsofaffin Faya-fayai da Sake Buga Su: Daga Kiɗan Sol zuwa Waƙoƙin Ƙasar Sakkwato

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa juyar da waƙar wani makaɗi a takarda ya san cewa ba daga bakin makaɗin ya karɓe ta ba. A faifan garmaho ya ji ta, ko a kaset, ko kuwa a yau cikin wayar hannu. Amma da wuya a sami kundin nazari da ya tsaya ya bayyana asalin abin da aka saurara, watau wane ne ya ɗauki waƙar, a wane gari, a wace shekara, kuma hannu nawa ta bi kafin ta iso kunnen mai nazari. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana wata sana'a da ta ginu kacokan a kan waɗannan tambayoyi, watau farautar tsofaffin faya-fayan kiɗan sol da sake buga su. Za a nuna yadda farautar ta iso Arewacin Nijeriya da Nijar, da abin da ta ɗauka, da abin da ta tsallake, musamman a garuruwa irin su Jabo da Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato.

Asalin farautar

Sol wani kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka wanda ya tsiro daga waƙoƙin majami'a da kiɗan rawa a ƙarshen shekarun 1950, ya kuma bunƙasa a shekarun 1960 a birane irin su Ditiroyit da Mamfis da Shikago. Banda manyan kamfanoni kamar Motown da Stax, akwai ɗaruruwan ƙanana waɗanda kan buga faifai kaɗan, in bai karɓu ba a jibge ragowar a sito a manta. Waɗannan faya-fayai da suka yi kwantai su ne samarin ma'aikata na arewacin Ingila suka ɗora wa ƙauna. Sukan kwana suna rawa da su a gidan Twisted Wheel na Mancesta, daga baya kuma a Wigan Casino daga 1973 zuwa 1981. Wani ɗan jarida mai sayar da faya-fayai a Landan, Dave Godin, shi ne ya yayata sunan Northern Soul, watau sol na Arewa, a 1970. Darajar mai sa faifai a irin waɗannan gidaje ita ce ya mallaki abin da babu mai shi, saboda haka aka riƙa ƙetare teku ana tonon situna a Amurka.

Labarin faifai guda ya isa misali. A 1965 Frank Wilson ya yi wata waƙa mai suna Do I Love You a kamfanin Motown. An buga kwafen gwaji, sa'an nan aka fasa fitar da ita domin kamfanin ya fi bukatarsa a aikin shirya wa wasu waƙa, aka lalata abin da aka buga. Kwafe ɗaya ya ɓulla a ƙarshen shekarun 1970, aka yi satar bugunsa, aka ƙara masa sauri kaɗan, aka kuma liƙa masa sunan wani mawaƙi dabam, Eddie Foster, don kada a gane tushensa. Sai a 1979 Motown ta fitar da waƙar da sunan mai ita. A 2009 an sayar da ɗaya daga cikin kwafen asali a kan fam 25,742 na Ingila.

Kuɗin ba shi ne abin lura a nan ba. Abin lura shi ne cewa ha'incin da ya yi yawa a wannan kasuwa shi ya tilasta wa masu tarawa su zama masu bincike. Suka koyi karanta lambar da ake zanawa a jikin faifai kusa da takardar tsakiya, wadda ke nuna karfen da aka buga shi da shi. Suka koyi bambanta bugun fari da na biyu ta launin takarda da irin haruffa, suka tsara jerin lambobin kowane kamfani har suka gane inda aka yi giɓi. Daga nan aka sami kamfanonin da aikinsu ke nan, kamar Kent a Landan tun 1982 da Numero Group a Shikago tun 2003. Su kan nemo tef ɗin asali, wanda ma'aikatan wannan harka ke kira masta, su nemo mawaƙin ko magadansa su ƙulla yarjejeniya, su buga faifan tare da ɗan littafi mai bayanin tarihinsa. Wanda ya saba da aikin malaman da ke tace rubutattun littattafan jihadi, suna gwada wannan kwafe da wancan suna bin sawun magwafi, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Isowarta Nijeriya da Nijar

Kiɗan sol ya shigo Nijeriya da ƙarfi a ƙarshen shekarun 1960 ta hannun Geraldo Pino, mutumin Saliyo, sa'an nan zuwan James Brown Ikko a watan Disamba na 1970 ya ƙara masa wuta. Bayan yaƙin basasa samari suka kafa ƙungiyoyin kiɗa a ko'ina, har da Kano da Kaduna da Jos, kamfanonin EMI da Decca da Phonogram suna buga su. Da kaset ya kashe kasuwar faifai a shekarun 1980 sai aka manta da yawancinsu. Bayan shekara ashirin, da tsofaffin faya-fayan Amurka suka fara ƙarewa a hannun 'yan farauta, sai hankali ya koma Afirka ta Yamma.

Akwai 'yan Arewa cikin abin da aka tono. A 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da tarin Nigeria 70, a ciki har da Ikon Allah ta Bala Miller da ƙungiyarsa ta Pyramids. Bala Miller Bazazzagi ne wanda masu kallon talbijin na shekarun 1980 suka sani da shirinsa na kiɗa, ya kuma rasu a 2003. A 2008 kamfanin Soundway ya fitar da jerin taruka na kiɗan Nijeriya na shekarun 1970, inda aka sa Sahara All Stars ta Jos da kuma Elcados ta Kano. Sunan waƙar Elcados kamar yadda aka buga shi a tarin shi ne Ku Mi Da Hankan. Bahaushe na gani zai gane cewa ku mai da hankali ake nufi, Basakkwace kuwa sai ya ɗan tsaya, don a bakinsa mi tambaya ce. Haka sunan ya bazu a duniya, kuma haka masu neman waƙar ke rubuta shi. Ga kamfanin da ya yi ɗawainiyar gano mawaƙa da tace sauti, samun Bahaushe guda ya duba kalmomi huɗu ba zai gagara ba. Wannan ɗan kuskure ya nuna inda hankalin kasuwar yake.

A Nijar labarin Mamman Sani ya fi kowanne fitowa. A 1978 ya ɗauki kiɗansa na molon lantarki mai madannai a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka yi kaset kaɗan, kiɗan ya zama abin da ake sawa tsakanin shirye-shirye har mutane suka san shi ba su san mai shi ba. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da kaset ɗin a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai, ya nemo Mamman Sani da ransa, aka buga kiɗan a faifai a 2013. Haka kuma daga 2019 kamfanin BBE na Landan ya shiga sake buga kayan Tabansi, kamfanin da Cif Tabansi ya faro a Kano a shekarun 1950 kafin ya kafa masana'antarsa a Onica. Waɗanda suka fi fitowa a wannan jeri su ne kiɗan rawa na Kudu da na Gana, irin na Ebo Taylor.

Abin da kasuwa ta tsallake

Idan aka dubi waɗannan misalai za a ga zare ɗaya ya ratsa su. Duka kiɗa ne na jita da ganguna da ƙaho irin na Turawa, ko na lantarki, wanda mai saye a Landan ko Tokiyo zai yi rawa da shi ba tare da ya ji kalma ɗaya ba. To amma wannan ɗan yanki ne ƙanƙane na abin da aka ɗauka da Hausa. Tun tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki 'yan Afirka ta Yamma mazauna Landan a harsuna da dama har da Hausa. Daga baya kamfanoni suka riƙa buga makaɗan Hausa a faifai, gidajen rediyo kuma suka tara nasu a tef, musamman gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962. Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi da Ibrahim Narambaɗa da Sa'idu Faru da Ɗan Anace duk ta waɗannan hanyoyi muryoyinsu suka wanzu. Darajar waƙar kotso ko ta taushi tana cikin maganarta ne, cikin kirari da zambo da habaici da jeranta asalin sarki. Wanda bai ji Hausa ba ba zai biya fam talatin ya saye ta ba, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da ya biyo baya shi ne cewa wannan kasuwa ba za ta ceci waƙar fada ba, ko ta noma, ko ta dambe. Abin da Turawa suka buga na irin wannan kiɗa, kamar faya-fayai biyu na ɗaukar David Ames da suka fito cikin jerin UNESCO a shekarun 1960, don masana aka yi shi, ba don kasuwa ba.

Dalilin da ya sa asalin ɗauka ya shafi mai nazarin adabi ya fi bayyana idan aka dubi yadda faifan yake. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti uku a kowace fuska. Ƙaramin faifan roba mai juyi 45, wanda ya fito a 1949, bai fi shi da yawa ba. Makaɗin da ya saba ya yi rabin sa'a a ƙofar fada yana saƙa ɗiya a kan gindin waƙa, in ya shiga ɗakin ɗauka dole ya zaɓi 'yan ɗiya ya watsar da saura, kuma zambon da zai iya jawo magana shi ne farkon abin da ake yarwa. A gidan rediyo lokaci ya fi yawa, amma akwai ma'aikacin da ke da almakashi. A wurin biki kuwa babu mai tsai da shi, sai dai hayaniya da ƙarewar batir. Ke nan waƙa ɗaya tana iya zama da matani uku, kowane da dalilin tsawonsa. Ɗalibin da ya ƙirga ɗiyan waƙa ya yanke hukunci a kan salon makaɗi, alhali bai san wace ɗauka ce a hannunsa ba, mai yiwuwa hukuncin injiniya yake nazari.

Jabo da maƙwabtanta

A nan ma'anar ƙarancin faifai ta sauya. Jabo gari ne a Ƙaramar Hukumar Tambuwal wanda hakiminsa ke riƙe da sarautar Sarkin Burmi. Tambuwal kanta gidan zuriyar Buhari ɗan Shehu Usmanu ne, Kebbe kuma tana kudu da su. Ƙasa ce ta sarautu masu tsohon tarihi, kuma a ƙasar Hausa inda duk aka sami hakimi akan sami makaɗansa, inda aka sami manoma da 'yan dambe da mahauta akan sami masu yi musu kiɗa. Kamfanonin faifai suna Ikko da Kano, kuma wanda ya riga ya yi suna suke nema. Makaɗin hakimi, ko mai kiɗan gayya, ko zabiyar da ke waƙa a cikin gida, ba su cikin lissafinsu. Abin da ya kama muryoyin irin waɗannan mutane shi ne rikoda mai kaset, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, ta kuma cika ƙasar Hausa a shekarun 1970 ta hannun alhazai da fatake da ma'aikata. Mai rikoda kan aje ta gaban makaɗi ranar naɗin sarauta ko ɗaurin aure, ya danna, ya kai gida. Faifan Frank Wilson da ake ta zuzutawa yana da ɗan'uwa. Kaset ɗin da ke cikin adakar wani dattijo a irin waɗannan garuruwa shi ne masta, shi ne kuma kwafe, in ya tafi shi ke nan.

Ga mai nazarin harshe irin wannan kaset shaida ce da ba ta da madadi. Makaɗan wannan yanki da Sakkwatanci suke waƙa. Suna cewa sunka tahi inda Bakano zai ce suka tafi, da yaz zo a maimakon da ya zo, rigas sarki a maimakon rigar sarki, shina a maimakon yana, biyat a maimakon biyar. Mai juyar da waƙa wanda ya tashi da daidaitacciyar Hausa hannunsa kan gyara waɗannan ba da saninsa ba, kuma da zarar an ninka baƙi ko an sauke shi, ma'aunin layin ya motsa. In matanin da aka buga ya yi shakka, babu alƙali sai sautin. Daɗin daɗawa, karin harshen ƙauye na shekara hamsin da suka wuce ba lalle ne ya zama shi ne na jikokin masu shi ba, bayan makaranta da rediyo da finafinan Kano sun yi aikinsu.

Akwai kuma matsalar rarrabuwa. Lardin Sakkwato ya shiga Jihar Arewa maso Yamma a 1967, aka yi Jihar Sakkwato a 1976, aka cire Kabi a 1991, aka cire Zamfara a 1996. Makaɗi ɗaya kan yi wa hakimai waƙa a wuraren da yanzu suke jihohi uku, don haka mai bin sawunsa sai ya haɗa da gidan Rediyon Rima da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da takwarorinsu a Birnin Kabi da Gusau, da kuma gidajen mutane.

Ana iya cewa ai waƙoƙin sun tsira tun da masu tura waƙa a kasuwa sun zuba su cikin wayoyi. Gaskiya ne sun yi hidima, domin da yawan abin da matasa suka sani na Narambaɗa ta hannunsu ya zo. Amma abin da ke faruwa a teburinsu ya yi kama da abin da aka yi wa Frank Wilson, sai dai ba da niyyar ha'inci ba. Waƙa kan rabu da kwalinta da rubutun da ke jikinsa, a matse sautinta don ta shiga ƙaramin wuri, a yanke gabatarwar mai shela wadda sau da yawa ita ce ke faɗin wuri da rana, a sa mata sunan makaɗin da ya fi shahara. Ƙaramin makaɗi mai kotso sai ya wayi gari ya zama Ɗanƙwairo. Ko saurin ma kan sauya, domin rikodar da batirinta ya yi sanyi lokacin ɗauka takan ja zare a hankali, in aka saurara a na'ura mai lafiya sai waƙar ta yi gudu, muryar dattijo ta koma ta saurayi.

Sanya wa waƙa shekara

Inda babu lamba ko takarda, sai a koma cikin waƙar. Ambaton naira da kwabo na nuna ɗaukar ba ta riga Janairun 1973 ba. Ambaton fam da sule kuwa ba ya yanke hukunci, don Hausawa sun daɗe suna kiran naira biyu fam bayan canjin kuɗi. Ambaton Jihar Arewa maso Yamma a matsayin abin da ake ciki ya sa ɗaukar tsakanin 1967 da 1976. Yi wa Sardauna Ahmadu Bello addu'ar rahama na nuna bayan Janairun 1966 ne, kamar yadda zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya tsaya tsakanin 1938 da 1988. Sai dai a kiyaye, abin da ake sanya wa shekara ita ce ɗaukar, ba waƙar ba, domin makaɗi kan ɗauko gindin da ya gada daga mahaifinsa ya ɗora masa sababbin ɗiya. Sunayen fadawa da 'yan amshi da ake ambata su ma ma'auni ne, amma masu iya cewa wane ne wane a fadar Jabo ta shekarun 1970 dattawa ne a yau.

Batun haƙƙi ya fi wuya a nan bisa ga Amurka. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba ɗaukar sauti kariyar shekara 50, ta ba waƙar kanta shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan faifan farkon shekarun 1970 ya fita daga hannun kamfani, amma waƙar Shata, wanda ya rasu a 1999, ko ta Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, tana nan a hannun magada. Kamfanonin ma sun sauya hannu, EMI ta Nijeriya ta koma Ivory Music, Polygram ta koma Premier, Decca ta koma Afrodisia. Kaset ɗin biki kuwa ba a taɓa yi masa yarjejeniya ba. Mai rikoda yana ganin nasa ne, 'ya'yan makaɗi suna ganin gadonsu ne, gidan sarautar da aka yi wa waƙar suna ganin da su aka yi ta kuma sun biya da doki da riga. Akwai kuma zuriyar wanda aka yi wa zambo, waɗanda suna nan a gari ɗaya da sauran. Abin da ya dace a aje a ma'ajiyar jami'a don nazari ba lalle ne ya dace a buga a sayar ba, kuma wannan hukunci ne da ba a yanke shi daga nesa.

Saura kula da kayan kansu, don yawancin ɓarna a hannun mai kyakkyawar niyya take faruwa. Tsohon faifan garmaho da wani ƙaro ake yinsa wanda ake samu daga jikin ƙwaro a Indiya. Yana fashewa kamar tangaran, kuma sinadarin barasa na narkar da shi, saboda haka ba a goge shi da turare ko ruwan wanke ciwo. Allurar ƙarfe ta garmaho tana cin sa duk lokacin da aka sa shi. Faifan roba zafi ke tanƙwara shi, don haka a tsaye ake jera shi, nesa da rufin kwano, ƙurar hunturu kuma a wanke ta da ruwa mai tsabta kafin allura ta niƙa ta cikin layukan. Kwali da takardar tsakiya, waɗanda gara ke fara ci, a ɗauki hotonsu gaba da baya tun kafin a saurari komai, a rubuta sunan mai kayan da garinsa da abin da ya tuna game da ranar ɗauka. In za a juya sautin zuwa kwamfuta, a juya shi cikakke ba tare da matsewa ko yanke hayaniyar farko da ta ƙarshe ba, a kuma mayar wa mai kaya abinsa tare da kwafe. Kaset kuwa yana da 'yan haƙora biyu a gefensa na sama. Kafin a sa shi cikin kowace rikoda a ɓalle su, domin muddin suna nan, yatsa ɗaya da ya kuskure ya danna jan maɓalli zai shafe abin da ke ciki.